Ranar da Inna Tsahara Ta Tsinki Ganyen Gaf

Kwanana uku da sauka Dubai na gane babu asibitin da ke jirana. Mutumin da ya shirya mini tafiyar tun daga Kano ya ce aikin jinya ne, har hoton ginin ya turo mini. Da na lalubo ginin sai na tarar da shagon labule a ƙasa, a sama kuma ofisoshi ne da babu wanda ya taɓa jin sunansa a cikinsu. Na kira lambarsa, ta yi ta ƙara ba a ɗauka. Washegari ta daina shiga. Abin da ya rage mini shi ne bizar ziyara, da takardun makarantar jinya da na gama a Jigawa, da akwati guda.

Na samu makwanci a Al Sabkha, a wani ɗaki da mu takwas ke kwana, gado bisa gado. Ta taga kana jin masu tura kaya suna ta "yalla, yalla" tun asuba. Na yi mako biyar ina yawo da takarduna daga wannan asibiti zuwa wancan, ko'ina amsa ɗaya ce: sai na yi jarrabawar ƙasarsu, sai kuma ina da takardar zama. Idan mahaifiyata ta kira, sai in fita baranda in ce mata ana kan shirye-shirye.

Mai gadon da ke ƙasa da nawa wata 'yar Kumasi ce, Maman A'isha, mai sarin takalma. Ba ta taɓa tambayata halin da nake ciki ba, sai dai duk ranar da ta soya kifi ta ɗora mini guda a kan murfin roba ta ce, "Lubabatu, taya ni, ya yi mini yawa." Ita ce wata rana ta dawo ta ce akwai wani Alhaji Lawali, ɗan Maraɗi, mai ofishin tura kaya a Al Khabaisi. Ya kawo mahaifiyarsa an yi mata aiki a ƙugu, yana neman mace Bahausa da ta san jinya.

Alhaji Lawali mutum ne mai fara'a da waya biyu a hannu, kullum ɗaya na kunnensa. Ya duba takarduna sama-sama ya ce, "Bon, kin yi. Ki kawo fasfo, zan yi miki takardar zama ta kamfanina, inshallah. Mako biyu khalas, an gama." Na ba shi. Ya sabunta mini bizar ziyarar sau ɗaya, daga nan kuma duk sanda na yi maganar sai ya ce, "Shwaiya shwaiya, sannu a hankali, ana kai." Na san doka ta hana aiki da bizar ziyara. Don haka ko ɗan sanda na hango a titi sai in canja hanya.

Gidan yana hawa na goma sha ɗaya a unguwar Port Saeed. Daga falo kana hango ruwa da manyan jiragen katako ana loda musu firiji da buhuna. Amma Inna Tsahara, mahaifiyar Alhajin, ba ta kallon taga. Tsohuwa ce 'yar siririya mai tsage a kumatu, ta haura saba'in, wadda aka ce a ƙauyensu ita da kanta take kiwon awakinta. Aikin ya yi kyau, ciwon ya warke, amma ta ƙi takawa. Abinci ma sai ta ɗan taɓa ta ture. Na dama mata fura da yogot, na yi tuwo da garin masarar da na samo a shagon 'yan Afirka, duk a banza. Kwana take ƙirgawa da yatsu, ba ta gaya wa kowa abin da take ƙirgawa.

Wata safiya ina shafa mata mai a ƙafa, sai ta ce, "Ɗiyata, wanga gari babu ƙasa ne?"

Na ce, "Wace irin ƙasa, Inna?"

"Ƙasa dai. Wadda ake takawa. Tun da na zo, daga mota sai gilashi, daga gilashi sai wanga akwati da ke hawa sama da mutane. Ina suke bizne matattunsu?"

Na yi dariya, amma da na tsaya na yi tunani sai na ga ni ma wata na huɗu ke nan ban taka ƙasa ba. Na gaya wa matar da ke zuwa motsa mata gaɓoɓi, wata 'yar Indiya mai haƙuri. Ta ce in kai ta lambun Mushrif, can bayan filin jirgi. Ta ce yana cikin tsofaffin wuraren shaƙatawa na garin, kuma bishiyoyinsa sun girmi benayen nan duka. "Yanzu ne lokacinsa," in ji ta. "Nan da wata uku rana ba za ta bar ku ku fito daga mota ba."

Ranar Asabar muka tafi, cikin watan Janairu. A ranar saura kwana goma sha ɗaya bizata ta ƙare, fasfona kuma yana aljihun teburin Alhaji. Na naɗe keken marasa lafiya na sa a bayan tasi, na ɗauki sandarta mai ƙafa huɗu da bargo, don sanyin safiyar yana shiga jiki. Ban taɓa zaton zan sa rigar sanyi a Dubai ba.

Muna barin manyan tituna sai benaye suka fara raguwa. Daga ƙofar lambun kuwa sai na ji kamar an sauya mini ƙasa. Titi ne siriri yana lanƙwasa tsakanin tuddan rairayi, bishiyoyi ta ko'ina, ba a jere ba kamar waɗanda ake shukawa a bakin hanya, kowace ta tsiro inda ta ga dama. Iyalai sun shimfiɗa darduma, hayaƙin gashin nama yana tashi. Ga Larabawa da manyan butocin gahawa, ga Indiyawa suna buga ƙwallo da faffaɗan katako, ga wasu Turawa da gajeren wando a kan kekuna a wannan sanyin. Jirgin sama yakan wuce ƙasa-ƙasa, babu mai ɗaga kai sai ni.

Na tura Inna muka bi ta wani ɓangare da aka gina ƙananan gidaje, kowanne irin na wata ƙasa. Na tsaya ina karanta allunan, ina son in ga ko akwai irin namu. Inna ta leƙa ɗaya mai rufin ciyawa ta ce, "Wa ke kwana ciki?"

"Babu kowa, Inna. Na kallo ne."

"Su gina ɗaki don kallo?" Ta girgiza kai. "Mu tahi wajen itatuwan."

A inda ake da ciyawa shar, na lura da baƙaƙen robobi sirara kwance a ƙasa suna ɗigar da ruwa a gindin kowace shuka. Amma da muka nausa ciki robobin suka ƙare, ciyawar ta ƙare, sai rairayi da waɗannan bishiyoyi masu kaushin baya da rassa da suka zubo ƙasa kamar gashin da ba a kitsa ba. Ƙafafun keken suka fara nutsewa. Na tsaya ina haki.

Kurciya ta yi kuka a sama. Inna ta ɗaga hannu ta ce in yi shiru. Kurciyar ta sake yi. Sai ga alhudahuda ya sauko gabanmu da tukkunsa, yana caccakar ƙasa.

"Har nan kuke?" Inna ta ce masa. Sannan ta dube ni. "Cire mini takalma."

Na cire. Ta sauke ƙafafunta a kan rairayin, ta tura yatsunta ciki. Sai ta ce in ba ta sandar. Matar da muka yi mako shida muna lallashi ta taka daga gado zuwa banɗaki, ita ce ta miƙe, ta nufi bishiyar da ta fi kusa. Na bi ta a baya da hannuwa a buɗe, ina ƙirga takunta. Ashirin da bakwai.

Ta dafa bishiyar, ta shafa bayanta, ta kankare kaɗan da farce ta sansana. Ta jawo reshe ta duba ganyen, 'yan ƙanana a jere bibbiyu.

"Wanga icce dangin ƙirya ne," ta ce. "Dubi ganyen. Amma ƙirya ba ta da ƙaya haka. Mi sunanshi?"

Akwai ɗan allo a gefe. Na karanta na ce, "Gaf."

"Gaf." Ta maimaita. "Wa ke ba shi ruwa?"

"Ban ga roba a nan ba."

"To da mi yake rayuwa, ga shi kore shar cikin rani?" Ta tsinki ganye ta sa a baki ta tauna a hankali, idonta a rufe. "Awaki za su so wanga." Ta ƙara tsinka. Kafin in ankara ta ware gefen mayafinta tana zubawa a ciki, tana zaɓar sababbin toho, yadda ake tsinkar zogale a bayan gida. Ni kuwa farin cikin ganinta a tsaye ya hana ni tunanin komai.

Ban ji zuwan mai gadin ba sai da ya yi magana. Gajere ne, da alama ɗan Nepal, da kaki da rediyo a kafaɗa. Cikin Turanci ya ce haramun ne, wannan bishiya doka ce ke kare ta, akwai tara ga wanda ya taɓa ta. Ya nuna mayafin Inna, ya nuna allon. Na ba shi haƙuri, na ce tsohuwa ce, baƙuwa, ba ta sani ba. Ya ce ya gane, amma dole ya rubuta. Ya ciro ɗan littafi ya ce, "Katinki na zama?"

Na buɗe jaka ina lalube, alhali na san babu abin da zan samu. Idan ya kira ofis, za su tambaye ni me nake yi da tsohuwar da ba uwata ba, ina fasfona, wa ke biyana. Na hango kaina a filin jirgi da hatimin hana dawowa, na hango fuskar mahaifiyata da ta sayar da gonarta ta gado don tafiyar nan. Hannuna ya ƙi tsayawa, har wayata ta faɗi cikin rairayi.

Inna ba ta fahimci komai ba. Ta ɗebo ganye ta miƙa wa mai gadin ta ce, "Ɗanɗana ka ji, yaro. Ba ɗaci."

Sai muka ji dariya daga bayanmu. A inuwar wata bishiyar, wata tsohuwar Balarabiya ce zaune a kan darduma, fuskarta da irin abin nan mai ƙyalli kamar tagulla da ke rufe gira da hanci. Dariya take har tana buga cinya. Ta faɗi wani abu da ƙarfi, sai wata mace mai kimanin shekara arba'in da ke zuba mata gahawa ta taso ta nufo mu. Ta yi mana sallama, ta juya ga mai gadin. Ta yi masa magana a natse, ta nuna masa cewa ba a karya reshe ko ɗaya ba, ta ce tsohuwar baƙuwar mahaifiyarta ce daga yanzu, ita za ta yi mata bayani. Mai gadin ya dubi Inna da ke miƙa masa ganye har yanzu, ya dube ni. Ina jin ya ga abin da ke fuskata. Ya mayar da littafin aljihu, ya ce kada a sake, ya tafi.

Matar ta ce sunanta Maryam, malamar makaranta ce. "Gaskiya ya faɗa," ta ce mini. "An hana. Mahaifiyata ma kullum sai mun yi faɗa da ita a kan haka. Ta ce ku zo ku sha gahawa, ta ga 'yar'uwarta a laifi."

Haka muka zauna mu huɗu. Inna ta yi Hausa, in mayar wa Maryam da Turanci, ita kuma ta mayar wa mahaifiyarta, Ummu Salim, da Larabci, amsa ta biyo hanyar ta dawo. Tambayoyin Inna ba su ƙarewa.

"Tambaye ta, wa ya shuka itatuwan ga?"

Amsa ta dawo: babu wanda ya shuka. Tun tana yarinya suna nan, kafin a kewaye wurin, kafin titi. Ita da danginta daga bakin teku suke tasowa a kan raƙuma lokacin zafi, su yada zango a irin wannan inuwa.

"Ruwa fa?"

Saiwar ce ke bin ruwa can ƙasa, ta fi tsawon igiyar rijiya. Inda duk ka ga gaf, in ka yi haƙurin haƙa za ka samu ruwa, ko da da ɗan gishiri.

Inna ta gyaɗa kai kamar ɗalibar da aka tabbatar mata da abin da ta zata. Ta tambaya ko awaki na ci, aka ce har raƙuma, har mutane. Sai ta dubi zoben zinaren da ke hannun Ummu Salim, ta dubi tafin ƙafarta da ya tsattsage kamar nata.

"Tambaye ta, sun taɓa yin yunwa?"

Na ji nauyin tambayar, amma na faɗa. Maryam ta mayar. Ummu Salim ta ajiye kofinta. Ta daɗe tana magana, tana nuni da hannu. Ta ce akwai shekarun da dabino da busasshen kifi ne kawai, wani lokaci dabinon ma babu. Ta ce ƙannenta biyu ba su kai yaye ba. Ta ce shekarar da fara ta sauka kuwa biki suka yi, suka cika buhuna suka dafa da gishiri suka shanya.

"Fara?" Inna ta zabura. "Suna cin fara?"

Ba ta jira fassara ba. Ta kama fara a iska da yatsu biyu, ta fizge fukafukan, ta jefa a baki ta yi ƙurus-ƙurus. Ummu Salim ta yi kururuwar dariya ta yi irin nata, ta nuna yadda suke cire ƙafafun. Daga nan suka daina buƙatarmu. Ni da Maryam muka koma 'yan kallo, tsofaffi biyu suna hira da hannu da gira, suna nuna tsayin awaki da zurfin rijiya da yawan 'ya'yan da kowace ta haifa da waɗanda ta binne.

Da azahar ta yi muka yi salla a nan kan darduma. Maryam ta buɗe tukunyar shinkafa da kifi. Ummu Salim ta miƙa hannu ta karɓi ganyen da ke mayafin Inna, tunda an riga an tsinka, ta wanke da ruwan gora, ta yayyanka da albasa, ta matsa lemun tsami, ta barbaɗa a kan shinkafar. Na ɗanɗana. Yana da ɗan bauri da wani ƙamshi kamar ɗanyen wake. Inna ta ci loma ɗaya, ta ci ta biyu, ta gyara zama ta ci sosai, har ta suɗe yatsu.

"Gaya mata ya yi daɗi," ta ce. "Amma da da ƙuli-ƙuli, da ta ga kwaɗo."

Na sha wahala kafin in bayyana wa Maryam mene ne ƙuli-ƙuli.

Bayan la'asar iska ta ƙara sanyi, muka yi sallama. Tsofaffin suka riƙe hannun juna, kowace tana yi wa ɗaya addu'a da harshenta, suna haɗuwa a "amin". Ba mu karɓi lambar juna ba, ban kuma sake ganinsu ba.

A cikin tasi na zaci Inna ta yi barci. Sai na ji ta kama hannuna.

"Ɗiyata, da mai kakin nan ya zo, mi ya sa hannunki ke rawa? Ganye ne fa kawai."

Na ce babu komai. Ta ce ita ba yarinya ba ce. Sai na gaya mata duka, tun daga mutumin Kano har zuwa aljihun teburin ɗanta da kwana goma sha ɗayan da suka rage. Ban yi niyyar kuka ba, amma ya zo. Ta riƙe hannuna har muka isa gida.

Ranar Litinin da safe na tarar ta yi wanka da kanta, ta sa atamfarta mai kyau, tana zaune a bakin gado da sandarta.

"Kai ni wajen aikin yaron nan," ta ce. Ɗan fari ne, ba ta kiran sunansa.

Ofishin Alhaji Lawali ɗaki biyu ne cike da kwalaye da 'yan kasuwa masu jiran a auna kayansu. Da ya ga mahaifiyarsa ta shigo da ƙafarta, wayoyin biyu suka kusa faɗuwa.

"Inna! Ke ce ke tahiya? Alhamdu lillahi! Mi ya kawo ki nan?"

Ta zauna a kujerar da ke fuskantar teburinsa, ta jingine sandar.

"Takardar yarinyar ga."

"Ai ana kai, Inna. Wallahi ayyuka ne suka yi mini yawa, kwantena biyu ke..."

"Na ji. Zan jira."

"A nan?"

"Ina da wani aiki ne?"

'Yan kasuwar suka sunkuyar da kai, wani ya yi tari don ya ɓoye dariya. Alhaji ya dube ni, na dubi ƙasa. Ya ce a kawo mata shayi, ta sha. Duk wanda ya shigo sai ta gaishe shi, ta tambayi garinsu, sannan ta gaya masa cewa takardar ɗiyarta take jira. Kafin azahar Alhaji ya ciro fasfona ya fita da kansa. Washegari ta sake cewa in kai ta, ta zauna a kujerar nan har aka aike ni gwajin jini da hoton ƙirji. Rana ta uku ma ta je, wai don kada a manta.

Ba mugu ba ne Alhaji Lawali. Ni dai ban taɓa zama abin gaggawa a wurinsa ba sai da uwarsa ta zauna a gabansa.

Katin ya fito ana saura mako guda ta koma Maraɗi. Da shi na zauna jarrabawar jinya daga baya, da shi nake aikin da nake yi yanzu a wani ƙaramin asibiti. Ranar da na karɓo shi na kawo mata, tana tsaye a bakin taga tana kallon masu lodin jiragen katako. Ta karɓa ta juya shi gaba da baya, ta kai shi kusa da ido ta daɗe tana duban hoton.

"Wannan ne duk abin da ake tsoro a kai?"

"Shi ne, Inna."

"Ba ki yi kyau a ciki ba," ta ce, ta miƙo mini. "Sai ki kira uwarki yanzu ki gaya mata gaskiya, tun daga farko. Ina nan zaune, in ta yi faɗa ki ba ni ita."

Na kira. Ta yi faɗan, na kuwa miƙa wa Inna wayar.